Baƙin da suka shekara goma a ƙauyenmu: a sayar musu da gonar ko a karɓe?

Malamin Firamare, gabashin Haɗeja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni barci, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zauna a kanta a ƙofar gidan dagaci. An ce lallai in je, tunda ni nake rubuta wa gari takardu.

A farkon 2015, bayan harin Boko Haram a Baga, gida uku suka sauka a ƙauyenmu, can kan hanyar Nguru. Ina tune da ranar. Tsakiyar hunturu ne, a bayan a-kori-kura suka zo, yara na ta rawar ɗari, ba su riƙo komai ba sai tabarmi da tukunya ɗaya da wata tsohuwar koma. Gida biyu Barebari ne, na ukun Bahaushe ne da aka haifa a bakin Tafkin Chadi. Mai unguwa ya ba su wani kango suka gyara. Kawuna kuma ya ara wa dattijon cikinsu gona a bakin fadama, ba ta kai eka biyu ba. Ko ƙwandala bai taɓa karɓa ba, sai kwandon tattasai da dattijon ke kai masa duk shekara don kunya.

Bara kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Dattijo ya tara kuɗi da bandar kifi, ya zo ya ce a sayar masa. Magada sun rabu biyu. Wasu sun yarda, wasu sun ce aro aro ne, baƙo kuwa raɓa ne. To raɓar da ta shekara goma fa? Ni na koyar da 'yarsa tun daga aji ɗaya, Hausar Haɗeja ce a bakinta tsaf, Barbarcin ma sai ta yi da ƙyar.

Ɗan yayana da ke karatu a Amurka ya ce mini a waya wai a can da gangan ake kai 'yan gudun hijira matsakaitan garuruwa, ba manyan birane ba, kuma garuruwan farfaɗowa suke yi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ya suka yi da maganar "ba ɗan gari ba ne"? Ina so in je zaman nan da abin faɗa, ba da tausayi kawai ba.

Direban Tirela, Amurka:

Wa alaikumus salam Malam. Ɗanka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka.

Akwai wani gari Yutika a jihar Niyok, nakan bi ta wajen da kaya. A 1960 mutanensa sun kai 100,000. Masaƙu suka rufe, masana'antu suka tashi, kafin 2000 sun dawo wajen 60,000. Gidaje birjik babu kowa. Tun a shekarun 1990 aka fara kawo mutanen Bosniya da yaƙin 1992 zuwa 1995 ya kora. Turawa ne, Musulmi, da yawansu magina ne. Suka riƙa sayen kangaye da arha suna yaɓe su da hannunsu. Bayansu aka kawo mutanen Bama ta Asiya da Somaliyawa. Wata tsohuwar coci da ake shirin rushewa a tsakiyar gari, 'yan Bosniya suka saye ta suka mayar masallaci, na yi sallah a ciki. A ƙidayar 2020 garin ya haura 65,000.

Dalilin kai su irin waɗannan garuruwa ba wani abin ɓoye ba ne: haya da sauƙi, kuma akwai aikin da 'yan gari ba sa rububinsa, irin su yankan nama da kamfanin kindirmo. Dokar 'yan gudun hijira ta 1980 ce ta tsara abin, ga kuma yadda yake kafin 2025. Ƙungiyoyi ke tarbar mutum su nema masa ɗaki da aiki, tallafin farko na wata uku ne kacal, kuɗin jirgin ma bashi ne sai ka biya. Bayan shekara ɗaya ka nemi takardar zama, bayan biyar ka nemi zama ɗan ƙasa. Kuma masu samun wannan dama ba sa kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya a shekara. A Janairun 2025 ma gwamnatin Trump ta dakatar da shirin.

Maganar "ba ɗan gari ba" kuwa, kada ka ɗauka babu ita. A Luwiston ta jihar Men, inda a lokacin kusan kowa farar fata ne, Somaliyawa suka fara zuwa da kansu a 2001, ba wanda ya kai su. A 2002 magajin garin ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon su daina gayyato 'yan'uwansu, wai gari ya gaji. Masu ƙin baƙar fata suka zo zanga-zanga a farkon 2003, sai dai waɗanda suka fito kare baƙin sun ninka su nesa ba kusa ba. A 2015 makarantar sakandaren garin ta ci kofin ƙwallon ƙafa na jiha, yawancin 'yan wasan 'ya'yan baƙin nan ne. Wasu da suka yi ta ƙunƙuni a da, da su aka yi murna. Wasu kuma har gobe ba su sauko ba.

Tsohon Malamin Gona:

Malam, ni na girme ka, don haka bari in faɗa maka abin da ba ka so ji ba. In ka je ƙofar dagaci ka ce "a Amurka", dariya za a yi maka, kuma da gaskiyarsu.

Karanta abin da Direba ya rubuta da kyau. Can gidaje ne suka rasa mutane. Nan mutane ne suka rasa gona. Shekara talatin na yi ina yawo a fadamar nan. Tun da aka datse ruwa a Tiga da Challawa ambaliyar da muka sani ta canza hali, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki, sai kuma shekarar da ruwan zai zo gaba ɗaya kamar 2022 ya share komai. Gonar da uba ɗaya ya noma yau 'ya'ya tara ke jiran ta. Wanda ya ce kada a sayar ba lallai mugu ba ne, wataƙila yaransa yake kallo.

Na san wani zai kawo mini Muhajirai da Ansar. Madalla, amma a kawo shi daidai. Da mutanen Madina suka ce a raba gonakin dabino tsakaninsu da baƙinsu, Manzon Allah (SAW) bai yarda a raba ba, sai aka daidaita a kan aiki da rabon amfani. Ga hanya nan tun tuni. A bar wa magada gonarsu, a rubuta wa dattijo haya ta shekaru masu yawa, da shaidu, yadda ba wanda zai tashe shi da rana tsaka bayan ya zuba taki.

Sannan ka bincika mini abu ɗaya kafin Juma'a. Masu cewa baƙo ba ya mallakar fadama, nomawa za su yi, ko akwai wani mai kuɗi a bayan fage? Na sha ganin irin wannan.

Hajiya Mai Turare, Gumel:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta gona ban musa ba. Kalmar baƙo ce ta tsaya mini a wuya.

A ƙasar Haɗeja da Gumel ne za a kira Babarbare baƙo? Gidan sarautar Gumel kansa Mangawa ne, daga Barno tushensu yake. Ku shiga Birniwa ko Guri ku ji yaren da ake yi a kasuwa. Birnin Kano ma, ina aka samo Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Agadasawa da Dandalin Turawa? Sunan baƙin ne ya zama sunan unguwa, kuma jikokinsu ne yau ke cewa "mu Kanawa".

Ni sana'ar da nake ci da ita, wata 'yar Bama ta jihar Borno ce ta koya mini, wadda ta zo a 2014 da goyo a bayanta. Turaren wuta da humra, yadda ake jiƙa itace, yadda ake soya farce. Kafin zuwanta sai mun aika Maiduguri. Yau ni da ita muke haɗa kayan amare har Maigatari. Amma da ɗanta ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga makaranta, cewa aka yi ya koma garin ubansa. Garin da aka ƙone! Yaron da ya yi wayo a nan. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da maganar gona. Su can Amurka, in ji Direba, da bambancin fata da na addini da komai, shekara biyar mutum ya zama ɗan ƙasa. Mu fata ɗaya, alƙibla ɗaya, shekara goma ana lissafa mutum a baƙo.

Malam, ka tambayi matan gidan kawunka ra'ayinsu. Su ma magada ne, kuma na tabbata ba a kira su zaman ba.

Ɗalibin Shari'a:

Gyara kaɗan, Malam. A doka mutanen nan ba 'yan gudun hijira irin na Yutika ba ne, tunda ba su tsallaka iyaka ba. 'Yan Nijeriya ne. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar. Magada na da ikon ƙin sayarwa, gonarsu ce. Abin da babu shi shi ne a ce an hana mutum saye don asalinsa. Ko haya ko ciniki, a rubuta, dagaci ya sa hannu, a kai ƙaramar hukuma.

Malamin Firamare, gabashin Haɗeja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na shiga wajen gwaggo da 'yan matan gidan jiya da daddare. Ashe ko labarin zaman ba su ji ba. Gwaggo ta ce matar dattijon ita ta yi jinyar kawu da kunu har ya cika, kuma ita da bakinta za ta aika wa dagaci.

Baba, hasashenka ya fito. Wani Alhaji ne daga cikin gari ke harhaɗa gonakin bakin fadamar zai yi shinkafar rani, ya riga ya saye biyu na maƙwabta, kuma ya ɗora a kan kuɗin da dattijo ya taya. Shi ma Alhajin ba ɗan ƙauyenmu ba ne, amma ban ji wanda ya kira shi raɓa ba.

Na rubuta takarda biyu, ɗaya ta ciniki ɗaya ta hayar shekara goma, zan tafi da su duka a aljihu. Ɗalibi, in na turo maka hotonsu yau za ka iya duba mini kafin Alhamis?