Neman kalmar Hausa: me za mu kira “sophomore” da “school spirit”?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai da iyaye. An ba ni aikin fassara wasu shafuka daga littafin shekara na wata makarantar sakandare a Amurka, inda 'yan aji guda suke ba da labarin abin da suka yi tun daga komawa makaranta a ƙarshen Agusta har zuwa babban hutu a watan Yuni, kuma kalmomi biyu sun gagare ni. Ta farko ita ce “sophomore”. Babbar sakandaren Amurka shekara 4 ce, daga aji na 9 zuwa na 12, kowace shekara kuma da sunanta. Wannan shi ne sunan ɗan shekara ta biyu, wato yaro ko yarinya mai shekara 15 zuwa 16. Ta biyu ita ce “school spirit”, wadda ta fito kusan a kowane sakin layi. Da farko na rubuta “ɗan aji biyu” da “ruhin makaranta”, amma da na karanta da ƙarfi sai na ji ba su zauna ba.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam. Malam, gara da ka dakata, domin “ɗan aji biyu” zai ɓatar da mai karatu a Najeriya. A tsarinmu na 6-3-3-4, duk wanda ya ji an ce aji biyu na sakandare zai kawo yaro ɗan shekara 12 ko 13 a ransa, alhali wanda kake magana a kansa ya kai shekarun da jihohi da dama na Amurka suke ba shi lasisin tuƙa mota. Idan aka lissafa daga ajin farko na firamare, shekararsa ta goma ke nan a makaranta, daidai da namu ɗan aji huɗu, wato ajin farko na babbar sakandare. Shawarata ita ce “ɗan aji goma”. A jami'a ne kawai, inda su ma suke amfani da wannan kalma, “ɗan aji biyu” zai dace.

Malama daga Maraɗi: Na goyi bayan Malam, kuma ina da ƙarin dalili. A Nijar ajin da muke kira “seconde”, ma'ana na biyu, shi ne farkon shiga lise, wato babbar sakandare, kuma lissafinmu na Faransa daga sama yake gangarowa. Idan aka ce aji biyu, kowane ɓangare zai fahimci abu daban, amma goma lissafi ne da kowa zai iya bi da yatsunsa.

Dattijo: 'Ya'yana, lissafinku daidai ne, sai dai kun bar ɗanɗanon kalmar a baya. Turawa da yawa suna danganta ta da kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin mai hikima, ɗaya mai nufin wawa, ko da yake masana asalin kalmomi suna ganin daga baya aka jingina mata wannan fassara. Ko ma dai yaya ne, akwai zolaya a cikinta: yaron da ya wuce baƙunta, ya san hanyar kowane aji, yana ganin ya gama sanin duniya, amma manya ba su fara lissafi da shi ba. Mu ma muna da wannan mataki a tsangaya. Kolo shi ne ƙarami sabon zuwa, gardi shi ne wanda ya kawo ƙarfi, tsakaninsu kuwa akwai titibiri. Ni da za a bi tawa, titibiri zan ce.

Malamin sakandare: Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar ta yi daɗi ƙwarai, kuma a hira ni ma ita zan ɗauka. Abin da nake tsoro shi ne a rubuce za ta ja hankalin mai karatu zuwa allo da tawada, sa'annan ba a saba kiran yarinya da ita ba, ajin kuwa maza da mata ne.

Dattijo: Na karɓi wannan. To, a bar titibiri ga wurin da 'yan ajin suke zolayar kansu. Amma “ruhin makaranta” kam a goge shi, kada a ɗauka aljanu ne suka tare a ɗakin karatu. Ɗana, faɗa mana abin da yaran suke yi da ake kira da wannan suna.

Mai fassara: Baba, mafi yawansa a watan Satumba ko Oktoba ne, lokacin bikin dawowar tsofaffin ɗalibai. Mako guda ake warewa, kowace rana da irin shigar da za a yi, ranar ƙarshe kuma kowa ya sa launin makaranta. Kowane aji yana ƙawata motarsa ta jerin gwano, ana taruwa a zauren wasanni ana kiɗa da kirari don zuga 'yan ƙwallo, alƙalai kuma suna ba da maki ga ajin da ya fi amo da haɗin kai. Sauran shekara, shugaban aji da ma'aji da magatakarda suna shirya wankin motoci da sayar da kek don tara kuɗin bikin da ajin zai shirya nan gaba.

Malama daga Maraɗi: Ashe kishi ne. Yadda muke cewa kishin ƙasa da kishin harshe, haka za mu ce “kishin makaranta”, babu kuma wanda zai kai shi ga kishin kishiyoyi tunda an ambaci makaranta. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili ranar gasar wasanni yana yi wa nasu ihu har muryarsa ta dishe ya san abin da ake nufi. Makon nan ya zama “makon kishin makaranta”, taron zauren kuma “gangamin zuga”.

Mai fassara: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga yadda jimlar farko ta koma: “Mu 'yan aji goma, titibiran bana, mun zo na biyu a makon kishin makaranta, kuma a gangamin zuga babu ajin da ya kai mu amo.”