Motata ta koma shan mai kamar rijiya, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Motata ƙirar 2008 ce, silinda huɗu, ta hannu na saye ta. Da farko idan na cika tanki sai ya kai ni kwana goma ina zuwa aiki ina dawowa, yanzu kwana bakwai ma da ƙyar. An canza fulogi, an canza matatar iska, an wanke nozul, shiru kake ji. Yanzu bakanike ya ce sai an sauke injin. Kafin in sa hannu a wannan, don Allah wanda ya taɓa shiga irin haka ya ba ni labarin yadda ya fita.

Mai lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, kwana ba ma'auni ba ne, allurar tanki ma ba ta cika faɗin gaskiya ba. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka ci gaba da harkokinka. Ranar da ka sake cikawa sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Ka yi haka sau biyu ko uku. Ni na taɓa ɗora wa motata laifi, ashe ni ne na canza. Na koma gida kusa da wurin aiki, tafiyar ba ta wuce minti biyar ba, injin bai gama ɗumi ba na kashe shi. Da na hau doguwar hanya sai ta ba ni kilomita 12 a lita kamar yadda ta saba.

Tsohon direba:
Ɗana, duba mini abu ɗaya. Bayan ka yi tafiyar minti goma sha biyar, ina allurar zafin injin take tsayawa? In tana kwance can ƙasa, ko tana ɗagawa a cunkoso ta sake faɗuwa da ka samu hanya, to ina zargin tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗumama. Na yi shekara biyu ina alfahari motata ba ta zafi, har ina nuna wa abokai allurar. Ashe wanda ya riƙe ta kafin ni ya sa an cire tamostat ɗin, an kuma haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli ta fara juyawa. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90 na ma'aunin Celsius. Muddin bai kai nan ba, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara masa fetur don ya ɗumama, shi kuwa ruwa na ta zagayawa lagireto yana sanyaya shi. Na sa yatsa a bakin salansa, ya fito baƙi wuluk kamar na taɓa gindin tukunya. Masu cire shi cewa suke wai maganin zafi ne, alhali sau da yawa zafin daga toshewar lagireto ko mutuwar fanka yake zuwa. An bar jaki ana dukan taiki.

Maman biyu:
Ni tawa birki ne. Na lura motar ta yi nauyi, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta rage gudu da wuri kamar ana jan ta ta baya. Wata rana na tsaya sai na ji ƙauri, na kai hannu kusa da wilin gaba na dama, zafi ya dake ni, sauran ukun kuwa lafiya lau. Da aka ɗaga ta da jak, tayar ta ƙi juyawa sai da hannu biyu. Birkin ne ya maƙale, ba ya saki. Kada dai ka taɓa ƙarfen da hannu, yana ƙuna.

Mai gyaran waya:
Yallabai, fitilar cek injin tana kunnawa idan ka murɗa makulli kafin ka tayar? Dole ta kama sannan ta mutu. In ba ta kamawa sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala, na sha ganin haka a motocin hannu. Mota irin taka tana da soket ɗin OBD2, wato wurin jona na'urar karanta matsalolin mota, a ƙasan sitiyari, a Amurka tun 1996 aka wajabta shi. A jona na'ura a karanta. Wata mota da na duba ta nuna lambar matsala P0172, wato fetur ya yi yawa a kan iska. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a nauyi, sensar oksijin da ke jikin salansa ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko an daidaita. Amma lambar ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Mai motar ya riga ya sayi sabuwar sensa, ashe nozul ɗaya ne ke ɗiga ko an kashe injin. In zancen Baba direba ne, wasu motocin lambar P0128 suke nunawa, wato injin bai kai zafin da ya kamata ba.

Ɗalibi:
Iskar taya fa? Tawa biyun baya sun yi ƙasa sosai amma a ido ba a gani. Adadin da ya dace yana jikin takardar da ke manne a gefen ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Maman biyu:
Gaskiya ne, amma taya kaɗai ba za ta cinye masa kwana uku cikin goma ba. Akwai wani abu babba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna sau biyu, kilomita 8 ta ba ni a lita. Baba direba, kamar kana cikin motar, allurar ba ta taɓa kai rabi ba tun da sanyi ya shigo, ni kuma murna nake yi. Na kai ta wani garejin aka kwance gidan tamostat, wayam, ba komai a ciki, fanka kuma an ja mata waya daban. An sa sabo, an mayar da fankar kan layinta, an wanke lagireto. Awon farko bayan gyara ya ba ni kilomita 10 da ɗoriya. Injin dai ba a sauke shi ba. Fitilar cek injin kuwa ba ta kamawa, ranar Asabar za a buɗe a duba ƙwan, in an karanta lambobin zan kawo muku.