Musayar Baiti: Gal Mai Baƙin Baya a Ƙasar Ƙanƙara

Malam Sarkin Baiti:
Ku taho mu yi baitin gal na Kudu,
Tsuntsun teku da sanyi bai sa shi gudu,
Danginsa a Antatika ba su haɗu,
Shi kaɗai ke sheƙa can, mai baƙin baya.

Kai fari fat, baki ruwan ɗorawa,
Da ɗigon ja a ƙasa, abin dubawa,
Nan 'yan tsaki ke sara in sun ji yunwa,
Ya amayo musu abinci su ci lafiya.

Inna Mai Amshi:
Malam, ka faɗa, amma da saura,
Bai kutsa tsakiyar ƙasar ƙanƙara,
A gaɓar zirinta iyalinsa ya tara,
Wajen digiri 68 Kudu a taswira ya tsai da tafiya.

Tsibiran Shetlan da Okni na Kudu ya mamaye,
Foklan da Kergelen ya zagaye,
Gaɓar Afirka ta Kudu bai janye,
Ga Niyu Zilan, ga tsibirin Kudancin Jojiya,
A 1958 aka ga sheƙarsa a Ostireliya.

Ɗan Auta:
Inna, ki yi mini haƙuri in tambaya,
A kan dutse tsirara yaya ake kwanciya?

Inna Mai Amshi:
Auta, Nuwamba can rani ke shigowa,
Ƙanƙarar gaɓa ta soma narkewa,
Gansakuka da ciyawa yake tattarowa,
Ya yi shimfiɗa, ƙwai 2 ko 3 a tsakiya.

Mace ta kwanta, namiji ya karɓe ta,
Kusan mako 4 kafin tsako ya fita,
Mako 7 fiffike ya ƙarfafa ya huta,
Sai shekara 4 ya sa rigar manya gaba ɗaya.

Katantanwa mai manne wa dutse yake ci,
In ruwa ya janye, nan ne wurin farauci,
Ɓawon ya amayar, tuli guda, ba ƙaranci,
Ka gan shi kusa da sheƙa tun da safiya.

Malam Sarkin Baiti:
Inna, akwai abin da ke ci mini rai,
A Baldes ta Ajantina na ji labari sarai,
Kifin wel in ya ɗago, gal ya sauko kai,
Ya tsattsage fata, ya bar rauni a baya.

Inna Mai Amshi:
Haka ne, Malam, 'ya'yan wel sun fi shan wuya,
Amma jujin gari da tarkacen kifi su suka goya,
Garken gal ya ninku, ya cika gaɓa gaba ɗaya,
A rufe jujin nan, wel ta shayar da ɗa lafiya.