Ɗan kwikwiyo ya ciji yarona a yatsa, sai na kai shi likita?

Maman Tagwaye, Talaje:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata biyu ke nan da maigida ya kawo mana ɗan kwikwiyo, wai ya girma ya yi gadi, tunda sau biyu ana haura mana katanga, na ƙarshe har tukunyar gas aka ɗauke. Jiya da la'asar ɗaya daga cikin tagwayena ya kama ƙashin da ke bakinsa yana ja, shi kuwa ya cafke masa yatsa. Ciwon bai fi ƙwayar gero ba, jini ɗigo ɗaya. Surukata ta barbaɗa toka ta ce shi ke nan. Kwikwiyon ba a taɓa yi masa allura ba, amma lafiyarsa lau, yana cin abinci yana wasa. Ni dai ban runtsa ba. Tsoro ne kawai nake ba kaina?

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wanke tokar nan yanzu. Sa yatsan ƙarƙashin pampo, ruwa na zuba kina cuɗawa da sabuni har minti 15, ki duba agogo, don ya fi yadda kike zato tsawo. Sai ki sa Bétadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciwo, ku nufi likita yau, ki faɗa musu karen ba shi da allura.

Ƙanƙantar ciwo ba ta nufin komai. Ƙwayar cutar haukan kare cikin yawu take, kuma jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yatsa kuwa cike yake da jijiyoyi. Galibi sai wata 2 zuwa 3 alamu ke fitowa, lokacin kowa ya manta da cizon. Daga ranar da mutum ya fara tsoron ruwa kuma, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara ne suka fi shiga hatsari saboda irin wannan wasan.

Kwikwiyon kada a kashe shi, kada a kore shi. A ɗaure shi kwana 10 ana kallo. In ya wuce su garau, babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara wa yaro allura.

Sarkin Fawan Kansa, Tawa:
Malam ya gama magana a kan cizo. Ni wadda ba a gani zan ƙara. Mu mahauta mun san hanta ko huhun tunkiya mai ƙululu cike da ruwa. Da sallar layya in an ga irinsa sai a wurga wa kare, a ce ai ba a yi asara ba. To tsutsa ce ciki. Ta girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita da kashinsa, ya manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaro ya shafa kare ya sa hannu a tuwo, bayan shekaru irin ƙululun nan ya fito a tasa hantar, wani sai an yi masa aiki. Ni yanzu binnewa nake da zurfi ko in ƙona.

Inna Mai Fura:
Ɗiyata, mi ya kai ku ajiye kare cikin yara tun farko? Ba banza aka ce a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai ba. In dole ne sai gadi, a ware masa kwanonsa da wurinsa can bakin ƙofa. Kuma ki duba kan tagwayen, kwikwiyo mai zubar gashi yana sa wa yara makero.

Maman Tagwaye, Talaje:
Na gode, Allah ya saka. Mun dawo yanzu, an yi wa yaron allurar farko a dantse, an rubuta mana ranakun sauran a karne. Kuɗin ya taɓa ni ƙwarai, maigida har ya ce kwikwiyon ya fi tukunyar gas ɗin tsada. Kwikwiyon yana ɗaure gindin dogon yaro yana ta kuka. Malam, wata nawa ake fara yi masa tasa allurar, kuma maganin tsutsa tare ake ba shi?

Malamin Dabbobi:
Daga wata 3, amma bari kwana goman su cika tukuna. Na tsutsa ki zo da shi a auna nauyinsa, kada ki saya wajen masu talla.