Ɗiyata na gudun mita 400, koci na son sa sunanta a gasar ƙasa, in bari?

Maman Asma'u, Mabera: Assalamu alaikum. Ɗiyata shekararta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Shekara biyu ke nan ba wadda ta wuce ta a mita 400 a makarantarsu. Jiya kocinsu ya zo har gida, yana son a tantance ta don Gasar Matasa ta Ƙasa, wadda anka yi a Asaba a 2023 da 2024. Babanta ya ce in nemi shawara tukun. Wanda ya taɓa shiga ya gaya min: akwai mace da ke raka yaran? Ana barin su gudu da dogon wando da ɗankwali? Kuma sansanin horon ba zai ci mata jarrabawa ba?

Baban Khalifa: Hajiya, ki bar ta kawai. Tobi Amusan 'yar Najeriya ta yi daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge na mita 100 a Amurka a 2022, ta kafa tarihin duniya. Daga makaranta ita ma ta fara.

Kawu na Runjin Sambo: Ni dai in ɗiyata ce, karatu. Gudu ba sana'a ba ce ga ɗiya mace a garin nan.

Anti Gawon Nama: Maman Asma'u, ni na yi gudu, ba labari anka ba ni ba. Mita 200 nike yi. Safiyar Allah ina filin Giginya kafin rana ta ɗaga, don in ta ɗaga a Sakkwato ba mai iya komai. Munka tafi gasa kudu, kwana biyu a mota, munka sauka ƙafafu a kumbure, washegari anka ce mu shiga layi. A zagayen kusa da ƙarshe jijiyar bayan cinyata ta tsinke, na ji ta kamar an ɗana min bulala. Ƙanƙara kawai anka ɗora min. Kuɗin alawus da anka yi mana alkawari, rabi munka gani. Da na dawo, mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta ta kai ni asibiti, ba wanda ya leƙo mu daga cikin waɗanda sunka tafi da mu. Har yau in hunturu ya shigo ƙafar na tuna min. Ban ce kada ki bar ta ba, amma ki sa kocin ya faɗi gaban babanta wa zai biya magani in ta ji ciwo.

Maman Asma'u: Subhanallahi. Allah ya ƙara sauƙi, Anti. To a lokacinku akwai mace tare da ku?

Anti Gawon Nama: Akwai malama guda. Amma ita ma ba a biya ta ba, da kuɗinta ta riƙa saya mana ruwa. Baiwar Allah, ban manta ta ba.

Ɗan Arkilla: Takalmi mai ƙusoshi fa? Na saya wa ƙanwata na gwanjo dubu goma sha biyu.

Baban Khalifa: Wane goma sha biyu? Ba ka samun na ƙwarai a wannan kuɗin.

Ɗan Arkilla: To ni aljani ya sayar min ke nan.

Malamar wasanni: Maganar sutura, dokar gudu ba ta hana dogon wando da rufe kai ba. Ruƙayya Al-Ghasra ta Bahrain da hijabinta ta ci zinare a mita 200 a gasar Asiya ta Doha a 2006. Kuma ga maƙwabciyarmu Aminatou Seyni ta Nijar, ta zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022. Sai dai ki samo yadi marar nauyi, kar zafi ya kayar da ita.

Kawu na Runjin Sambo: Malama, ke albashinki a nan yake, dole ki yaba. A saurari wadda ta karye, ita ta san zafin abin.

Malamar wasanni: Kawu, da girmanka. Shekara goma sha ɗaya ina raka yara, ban taɓa dawowa da ɗiyar kowa da abin kunya ba. Chioma Ajunwa da ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a Atlanta a 1996 'yar sanda ce a lokacin, gudu bai hana ta aiki ba.

Ɗan Arkilla: Ni matata ma in ta ji mai ruwa ya wuce, Amusan ba ta kamo ta.

Hajiya Minannata: Ku bar wasa. Abin da ke ƙona min rai, kowace shekara makarantar yarana na karɓar kuɗin wasanni, a ɗinka riguna, a yi maci gaban babban baƙo, a sha lemo a watse. Yaran ko layin tashi ba a koya musu ba. Filin makarantar ma an gina azuzuwa a kansa.

Baban Khalifa: Namu dubu biyar sunka karɓa bana, ko rigar ba mu gani ba.

Maman Asma'u: Don Allah maganar jarrabawar fa? Kocin zai dawo ranar Asabar.

Hajiya Minannata: Dubu biyar? Mu dubu bakwai munka biya, har da kuɗin rumfa.