Neman kalma: me za mu kira dessert da Hausa?

1/
'Yan uwa masu rubuta girke-girke, bukukuwa sun ƙarato, kowa na tsara abin da zai fito wa baƙi da shi. Abin nan mai zaƙi da ake kawowa bayan an gama cin abinci, wanda Turawa ke kira dessert, yaya za mu ce masa? Yawancinmu "kayan zaƙi" muke rubutawa mu wuce. Ni dai a ganina bai kama ba.

2/
Kalmar daga Faransanci take, daga desservir, wato kwashe kwanuka daga kan tebur. Ke nan lokaci take nunawa tun asali: abin da ke zuwa bayan an ɗauke kwanon babban abinci. Shi kuwa "kayan zaƙi" ɗanɗano kawai ya faɗa, bai ce komai kan yaushe za a ci ba.

3/
Kada a ɗauka gardamar malamai ce, a kicin ma bambancin na nan. Alawa da danginta sukari ne da aka dafa, zafin da ya kai ne ke yanke abin da zai zama. A digiri 112 zuwa 116 na Salshiyas za ki samu mai laushi da ke narkewa a baki. Ki bar shi ya kai 149 zuwa 154, sai ya daskare ya riƙa karyewa ƙaras. Irin waɗannan ana naɗe su, a zuba a kwalba mai murfi, su yi kwanaki, yaro ya ɗauka ko da hantsi.

Dessert kuwa da yawa daga cikinsu madara ce da kirim da ƙwai. Kastad idan ya wuce digiri 85 ko kusa da haka, ƙwan ya tsinke ya yi gudaji. Panna cotta ta Italiya kirim ne da sukari da jelatin (abin da ke sa haɗin ya kama), a ɗumama, a zuba a ƙananan kofuna, a bar su awa huɗu a firji. Waɗannan da cokali ake shan su, kuma ba sa jure zaman faranti tun safe har yamma. To idan muka jera duka a ƙarƙashin suna ɗaya, mai karatu ba za ta san wanne za ta yi tun jajibiri ta ajiye, wanne kuma sai firji ba.

4/
Ga shawarwarin da suka shigo. Ƙwalama da maƙulashe duk kalmomi ne masu daɗi, amma bakinsu ya yi faɗi: mai gishiri ya shiga, nama ma ya shiga, kuma ba ruwansu da lokaci. Kayan marmari 'ya'yan itatuwa sun riga sun gaje shi. Wankin baki zai sa a nemo buroshi. Wanda ya ce "toshiyar baki", Allah ya shirye ka, mun gane raha kake.

Wasu sun ce a are ta kawai, a rubuta "dizat". Aro ba laifi ba ne. Sukari kanta daga Larabci muka samo ta, alawa ma haka. Sai dai su sun shigo tare da kayan, baki ya daɗe da murza su. Dizat kuwa ba ta gaya wa wanda bai yi boko ba komai, alhali muna da abin da za mu gina da shi.

5/
Wata Hajiya ta kawo "zaƙin rakiya", ta ce ai abincin yake rakawa. Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan ta kusa, har na so in tsaya a kanta. Abin da ya hana ni: ɗan rakiya tare ake tafiya da shi, don haka wani zai ɗauka mahaɗin da ake ajiyewa a gefen faranti ake nufi.

6/
Tawa shawarar: zaƙin sallama.

Sallama na ɗauke da ma'anar rufewa, kamar yadda ake cewa an yi sallama da baƙo ko an sallami taro. Ga zaƙin, ga lokacin, a kalma biyu. Ku gwada ta a baki:

"Yaya, rage wuri a cikinka, akwai zaƙin sallama."
"Me za a yi na zaƙin sallama gobe?"

Ba ta yi wa harshe nauyi ba, kuma wanda bai taɓa ji ba zai gane tun karon farko.

7/
Wani malami ya ja da ni, ya ce akwai dessert mai tsami irin ƙanƙarar lemon tsami, akwai baƙin cakulan mai ɗaci. Gaskiya ne, Malam. Amma a cire sukarin da ke cikinsu a gani ko wani zai iya kai cokali na biyu. Tsamin da ɗacin a kan zaƙi suke zaune.

8/
Ga inda na tsaya: kayan zaƙi ya ci gaba da zama sunan gayya na alawa da biskit da duk abin tsotsa, zaƙin sallama kuma ga wanda ke rufe cin abinci. Abu ɗaya na iya amsa suna biyu. Ki tafasa kirim mililita 100, ki juye kan cakulan giram 200, ki juya, ya huce a firji, ki mulmula ƙanana. In kin jera a kwali don kyauta, kayan zaƙi ne. In kin kawo biyu a faranti bayan an kwashe kwanuka, zaƙin sallama ne.

Saura caramel, sukarin da ke yin ja daga wajen digiri 160. Ina ganin ana rubuta "ƙonannen sukari", kuma ina tsoron wata ta bar shi ya ƙone da gaske. Wa ke da wadda ta fi?