Neman kalma: "hayaƙi" bai isa ba

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani bayani kan masana'antun siminti, na zo kan abin da Turawa ke kira "carbon emissions", sai alƙalami ya tsaya. A rediyo mun saba jin "hayaƙi mai gurɓata muhalli", amma ni kalmar hayaƙi ba ta kwanta mini ba. Hayaƙi ana ganinsa, yana sa tari, yana sa ido hawaye. Iskar da ake nufi kuwa, wato iskar kabon (carbon dioxide), ba ta da launi, ba ta da wari.

Ga abin da ya dame ni. A Obajana ta Kogi, da Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, dutsen farar ƙasa ake gasawa a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450. In dutsen ya gasu, da kansa yake sakin iskar kabon da ke ɗaure a cikinsa, kuma fiye da rabin abin da aikin siminti ke fitarwa daga nan yake, ba daga makamashin da aka ƙona ba. Mai masana'anta zai iya sa matata a bututu ta tare ƙura da baƙin hayaƙi, sama ta yi garau, alhali iskar tana fita yadda ta saba. In muka ce wa jama'a hayaƙi ne matsalar, za su ɗaga kai, su ga ba komai, su ce an gyara. Don Allah a taimaka da kalma.

Wani ɗalibi daga Zariya:
Malam, me zai hana a ce "iskar gawayi"? Ai kabon ɗin shi ne jigon gawayi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, a bar wannan. Duk hunturu muna gargaɗin mutane kada su kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, saboda iskar da ke kashe mutum cikin barci. Waccan daban ce da wadda Malam ke nema. In aka ba su suna ɗaya, gargaɗinmu ne zai raunana. Haka "iska mai guba" ma ba daidai ba ne: iskar da Malam ke nufi, mu kanmu ita muke fitarwa da numfashi, tsirrai da ita suke rayuwa, ita ce kumfar lemon kwalba. Illarta yawa ne, ta taru a sama ta tsare zafi.

Wani dattijo daga Malbaza, Nijar:
Mu ma nan muna da gidan siminti, kuma "gaz" muke ji a bakin 'yan boko, mai sauraro sai ya zaci na girki ne. Ni ga tawa: huci. Hucin wuta ba ka ganinsa, amma in ka matso ka san yana nan. Mai gudu yana huci, tanderu yana huci, injin yana huci. A ce "hucin kabon".

Mai buɗe zance:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yi ta juya ta a baki tun ɗazu. Abin da ya fi burge ni, huci yana da mai shi, dole a tambaya hucin wa. Wannan tambayar kuwa ta kuɗi ce yanzu. Tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara neman masu shigar mata da siminti, ƙarfe, alminiyam da takin zamani su bayyana tan nawa na kabon aka fitar wajen yin kayan, da nufin sa haraji a kai. Masana'antarmu da ba ta sabunta injuna ba, a can bakin iyaka za ta gane kurenta. Ma'aikacin da zai ji ana cewa a sauya tanderu ko a rage ƙona kwal ya cancanci a gaya masa dalili da kalmar da zai kama.

Ɗalibin Zariya:
Amma Malam, huci ba zai sa a zaci iskar ce da kanta ke da zafi ba? Ko a tuna da mai fushi?

Mai buɗe zance:
Ka yi gaskiya, shi ya sa ba za mu bar ta ita kaɗai ba, kullum da kabon a gefenta. Kuma in tunanin mai sauraro ya tafi ga zafi, bai ɓata hanya ba, tunda ɗumamar yanayi ce ƙarshen zancen. Na gwada ta a jumla biyu: "Masana'antar ta rage hucin kabon ba tare da ta rage yawan simintin da take yi ba." Sai kuma: "A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Shugaba Buhari ya yi alkawarin kafin 2060 hucin kabon da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take shanyewa ba." Duka biyun sun zauna. Da ita zan tafi a fassarar, in karanta wa wasu masu aikin tanderu in ji abin da suka fahimta.